Babban Yatsana a Gaban Kwamiti

Jiya da safe na tura babur. Ni da waɗannan gwiwoyin nawa da suka yi shekara arba'in suna durƙuso a ƙarƙashin manyan motoci, na tura babur tun daga bakin gada har ƙofar ofishin kwamiti, sanye da rigar da nake ajiyewa don manyan taruka. Mai Faci, maƙwabcina, shi ya ɗauko ni. Tun shekaranjiya na ce masa ya sha mai, ya ce ai yana layi. Ashe shi ne ya shiga layi, man bai shiga tanki ba. Wuni guda ya yi a tsaye, da ya rage mutum uku a zo kansa sai aka rataye tiyo aka ce ya ƙare. A jikin katangar wannan gidan man kuwa har yau akwai hoton mai girma ɗan takaran da ya rantse mana cewa in ya ci, mai zai riƙa bin mu gida yana sallama. Ya ci ɗin. Muna nan muna jiran sallamar.

"Kai tsoho, tura da ƙarfi mana," in ji Mai Faci. "Ba kai ne kake cewa ka taɓa ɗaga gindin tirela da kafaɗa ba?"

Na ce, "Na ɗaga. Amma ita tirelar ba ta yi min ƙaryar tana da mai ba."

Ga wanda bai san ni ba, tsohon bakanike ne ni. Ban taɓa zama a aji ba ko na rabin yini. Wannan rubutun ma 'yata malamar makaranta ce take zuba shi a takarda, ni nawa faɗa ne, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara min magana ko guda. Gwamnati goma sha ɗaya na gani, kowacce ta zo da ganga ta tafi da akwati. Jak ɗin da muke ɗaga mota da shi ya taɓa zamewa motar ta zauna min a ƙirji, likita ya ce a kira dangi, shi likitan yanzu shekararsa tara da rasuwa. Saboda haka in na ce zan yi magana a kan masu girma, ba tsoron kowa nake ji ba.

Abin da ya kai ni gaban kwamiti shi ne maganar Mai Sabulu. Baƙo ne, daga wata ƙasa ya zo, yana ɗan shekara ashirin, da durom guda da ludayin katako. A bayan garejinmu ya fara dafa sabulu. Yau shekara talatin da huɗu ke nan. Ya auri 'yar nan, ya haifi 'ya'yansa a nan, mutum goma sha biyu suna cin abinci a ƙarƙashinsa. Harshensa har yanzu yakan yi tuntuɓe in yana sauri, amma zagin unguwarmu babu wanda bai iya ba.

Yana da wata ɗabi'a tun farkon zuwansa. In an yanka sabulu sanda-sanda, gefe-gefen da ya rage ba ya mayar da shi tukunya. A wani tsohon kwano yake tarawa, ya ajiye a gindin famfon da ke ƙofar shagonsa, duk wanda ya zo ya wanke hannu kyauta. Mu bakanikai da masu walda da masu ɗaukar kaya, nan ne wurin wankin hannunmu kafin cin abinci. Ƙafarmu ta saba, ko ba ka yi niyya ba sai ka ga ka tsaya. Rashin sa'arsa guda ce: makarantar da ake kafa rumfar zaɓe tana kallon shagonsa, titi ne kawai a tsakani.

Ranar zaɓe muka yi layi tun safe, muka dangwala, aka shafa mana tawada a yatsa wai don kada mutum ya koma ya sake. Muka fito rana ta take, yunwa ta taso. Ina za mu? Famfo mana, kamar kullum. Wani mai waya ya ɗauki hotonmu, mu kusan ashirin, kumfa har gwiwar hannu, ni a gaba ina dariya da haƙorana huɗu.

Da sakamako ya fito, waɗanda suka faɗi suka ce an yi dangwale biyu-biyu. Waɗanda suka ci suka ce gaskiya ne an yi, amma hannun ƙetare ne, kuma ba don hannun ƙetaren ba da tazarar da suka bayar ta fi haka. Kun ji hikima. Nan da nan aka kafa kwamitin binciken katsalandan, masu girma tara, kowa da sabuwar mota, domin ka san ba a binciken ƙetare a tsohuwar mota. Wata uku suna zama a ɗaki mai sanyi suna neman hannun ƙetare. Suka duba sama suka duba ƙasa, sai ga hoton nan. Ga tawada tana fita, ga sabulu, ga mai sabulun baƙo. Aka ce alhamdu lillahi, an samu.

Shi kuma ya taimaka musu da bakinsa. Mutum uku suka je shagonsa cikin kwat, da littafi a hannu. Ya ɗauka manyan 'yan sari ne daga wani otal, har ya goge musu kujera da rigarsa. Ina zaune a benci ina ji.

Babbansu ya ce, "Sabulun nan naka yana fitar da tawada?"

Ya ce, "Tawada? Yallaɓai, tawada ai wasan yara ce! Baƙin mai, fenti, kwalta, babu wanda ya taɓa gagararsa. Ranar zaɓe ma nan mutane suka yi ta wanke hannu, ko ɗigo bai rage ba. Ku tambayi Baba, ga shi nan!"

Na yi tari. Na sake yin tari har ƙirjina ya yi zafi. Bai waiwayo ba, ɗan kasuwa ne ya ga ciniki. Suna rubutawa yana ƙarawa. Da za su tafi ya ba kowannensu sanda guda ya ce su gwada a gida. Sandunan nan uku su ma suka shiga littafi, a matsayin yunƙurin toshiyar baki. Ban dai ji an ce sun dawo da su ba.

Kwana biyu aka zo aka garƙame shago, aka karɓe takardar zamansa da fasfonsa. Jaridu suka buga hotonsa, wai an gano ɗan kasuwan ƙetare da ya shigo da sinadari na musamman don wargaza zaɓe. Sinadarin nan na san shi, kitse ne da soda, ni na sha taya shi sauke su daga mota. Aka ce in kwamiti ya tabbatar, za a tasa ƙeyarsa zuwa inda ya fito.

Matarsa ta zo gidanmu, ta zauna kusa da uwar 'ya'yana ta kasa shan ruwan da aka ba ta. Ta ce, "Baba, ina za su kai shi? Can ɗin wa ya sani? Iyayensa sun rasu, gidan da aka haife shi ma an ce titi ya bi ta kai. In ya tafi, ni in bi shi in bar mahaifiyata a kwance, ko in zauna in bar shi?"

Na ce, "'Yata, share hawayenki. Ina raye."

Uwar 'ya'yana ta harare ni ta ce, "Kai kullum kana raye. Sai ka faɗa mata abin da rayuwar taka za ta yi mata."

A lokacin ni ma ban sani ba. Sai ga shi kwamiti da kansa ya buɗe min ƙofa. Wani mai jaka ya zo ya same ni, ya ce ni ne a gaba a hoton, don haka ni ne babban shaida. Ya rage murya ya ce, "Baba, abin mai sauƙi ne. Ka ce shi ya kira ku ku wanke, ku koma ku sake dangwalawa. Kai ba za a taɓa ka ba, an san yaudarar ku aka yi, tunda ba ku yi karatu ba."

Na ce masa to. Bai san ni ba ne. Na taɓa ce wa mai bindiga to, bakinta a ƙirjina, kuma abin da ya nema bai samu ba har yau.

To jiya ce ranar. Muka iso da baburinmu a hannu, gumi ya jiƙa rigar taro. Gari babu mai, amma janareta biyu ke ruri a harabar, ɗaya na aiki, ɗaya na taya shi kada ya ji kaɗaici. A ƙofa ta farko hannun dama akwai magatakarda da rajista. Ya miƙo min biro, na ce ɗana, kawo abin dangwale. Ya jawo ɗan akwatin tawadar hatiminsa, na danna babban yatsana na hagu na manna a takarda. Ku riƙe wannan yatsan a ranku, zai dawo.

Zauren kuwa sai wanda ya gani. Masu girma tara a jere bisa dogon tebur, kowa da makirufo da tambulan na ruwa, 'yan jarida sun cika baya da kyamarori. A tsakiya an ajiye wani ƙaramin tebur na kayan shaida: sandar sabulu guda a cikin leda an manna mata lamba kamar gawa, da kwalbar tawadar zaɓe da hatiminta, da hotona an faɗaɗa shi ya kai ƙofa. Mai Sabulu yana gefe, gemu ya fito masa, wuyan riga ya yi masa yawa. Matarsa na bayansa.

Aka fara da wani ƙwararre, wanda aka ce ya yi karatu a ƙasashe uku. Sa'a guda yana magana yana nuna zane a bango. Abin da na tsinta shi ne wai tawadar nan ba ta fita sai da sinadari mai hatsari, wanda sai ƙasashen waje ke da shi. Biyu daga cikin masu girma suka yi barci don tsananin fahimta. Aka tafa masa.

Sai aka kira ni. Yallaɓai Shugaba, mai tabarau a kan hanci, ya dube ni da irin murmushin da ake yi wa tsohon da ake so a gama da shi da wuri. Ya ce, "Dattijo, kai ne a wannan hoton?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ban san ina da kyau haka ba sai da kuka faɗaɗa ni."

Lauyan kwamiti ya miƙe. "Wa ya ce ka je ka wanke hannu?"

"Yunwa."

"Ina nufin wane mutum."

"Yallaɓai, shekara talatin da huɗu nake wanke hannu a famfon nan. In katsalandan ne, to tun kana rarrafe aka fara shi."

Aka ɗan yi dariya a baya. Lauya ya haɗe rai ya ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai: da na wanke da sabulun wanda ake tuhuma, tawadar ta fita ko ba ta fita ba? Na ce ta fita. Ya juya ya dubi masu girma kamar wanda ya kamo ɓarawo da hannu ɗaya. 

Na ce, "Ranka ya daɗe, maƙogwarona ya bushe. Babur na turo. A taimaka wa tsoho da ruwa."

Yallaɓai Shugaba ya ga kyamarori na kallonsa, sai ya ɗauki tambulan ɗinsa na kansa ya ce a kai wa dattijo. Allah ya saka masa, mutum ne mai tausayin talaka in ana ɗauka. Na kurɓa sau ɗaya na ajiye a gabana.

Na ce, "Masu girma, ƙwararrenku ya karanta tawada a littafi. Ni tunda nake ban taɓa sa hannu da biro ba. Lasisi, katin asibiti, takardar haya, belin abokai, duk da yatsan nan na yi su. Zaɓe kuwa babu wanda ya wuce ni tun ina saurayi. Tawadar gaskiya tana warin tsatsa, tana ɗan cizon fata, in rana ta taɓa ta sai ta koma baƙa ta maƙale a gefen farce, ba za ta tafi ba sai farcen ya tsiro an yanke. Akwai shekarar da na yi mako uku ina cin abinci da ita. Ta bana kuwa, kafin in tsallaka titi gumi ya cinye rabinta. A buɗe min kwalbar can."

Lauya ya ce bai yarda ba. Ƙwararre, Allah ya yi masa albarka, ya ce a bar shi ya gwada, ai kimiyya ba ta tsoron gwaji. Aka fasa hatimi. Na tsoma babban yatsana na dama har gaɓa, na ɗaga sama na zagaya da shi kowa ya gani, na hura masa iska har ya bushe. Sannan na tsoma shi a tambulan ɗin Yallaɓai Shugaba na juya sau uku, kamar mai motsa shayi.

Ruwa ya koma shuɗi. Na zaro yatsa fes, sai tsohon baƙin man da ke cikin tsagar fata, wanda shi kam da shi za a binne ni.

Zauren ya yi tsit, har masu barcin nan biyu suka farka don shirun ya yi musu yawa. Mai Faci ne ya fasa shi daga can baya: "Kai! Ashe ruwan Yallaɓai ma daga ƙetare yake!" Aka ce a fitar da shi.

Na ce, "Ban gama ba." Na ɗaga yatsan hagu, mai tawadar magatakarda. Na ce a ciro min sabulun daga leda. Na jiƙa, na goga, na cuɗa, kumfa ta zubo a kan jan kafet ɗinsu. Na ɗauraye na ɗaga. Tawadar hatimi tana nan daram, ta ɗan dusashe kawai.

"Kun gani? Sabulun da kuka ce ya kayar da zaɓen ƙasa guda, ko tawadar magatakardanku bai iya fitarwa ba."

Sai kawai na ji an zabura a gefe. Mai Sabulu ne a tsaye, ido jawur. "Baba, ƙara gogawa! Wallahi zai fita! Ba ka bar shi ya jiƙa ba ne!"

Matarsa ta cafko bayan rigarsa ta fizgo shi ya faɗa kujera. "Zauna don girman Allah! Yau ɗaya dai ka bar sabulun nan ya ji kunya!"

'Yan jarida suka kwashe da dariya, har wani ya saki kyamara. Ni ban yi ba. Na juya na fuskanci dogon tebur na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni, ta jahili. Wa ya sayo tawadar nan?"

Yallaɓai Shugaba ya cire tabarau ya mayar. Ya ce shaida ba ya tambaya. Ɗaya daga cikin masu girma, mai zobe a kowane yatsa, ya tuna yana da uzuri a banɗaki, ya fita da sauri har ya manta wayarsa. Aka kashe makirufo, aka ce an tafi hutun minti goma. Sa'a uku suka yi.

Da suka dawo, Yallaɓai Shugaba ya karanta matsaya, bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Wai bayan zurfafa bincike, kwamiti bai samu isasshiyar hujja a kan sabulu ba, don haka a mayar wa wanda ake tuhuma takardunsa a buɗe masa shago, tare da gargaɗi mai ƙarfi a kan tallan da ya wuce kima. Wai amma kwamiti ya gano cewa ruwa ya taka rawa mai hatsari a wannan lamari, saboda haka famfon da ke kallon rumfar zaɓe barazana ne, a rufe shi nan take, a kuma kafa ƙaramin kwamiti ya binciki yadda aka yi ya zo wurin. Maganar wanda ya sayo tawada kuwa, wai ba ta cikin hurumin wannan kwamiti. Su neman hannun ƙetare aka aike su.

A waje Mai Sabulu ya rungume takardunsa a ƙirji da hannu biyu, yana kuka kamar ba magidanci ba. Matarsa ta durƙusa za ta yi min godiya na ce ta tashi, gwiwa ba abin wasa ba ce, ni na sani. Shi kuma ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya dubi yatsan hagun nan, ya share hanci ya ce, "Baba, na gode. Amma ruwan sanyi ne ya sa. Da da ɗumi ne da ya fita."

Na ce, "Kai dai ba za ka yi hankali ba har ka mutu. Amma aƙalla a nan za ka mutu."

Yau da safe na bi ta ƙofar shagon. An buɗe, tukunya na tafasa, ma'aikata sun dawo. Famfo kuwa an ɗaure masa sarƙa da ƙwaƙƙwaran kwaɗo, an manna masa takarda mai hatimi, an ajiye ɗan sanda a benci yana gadinsa kada ya gudu. Bakanikai sun yi cirko-cirko da baƙaƙen hannuwa. Ina tsaye ɗan sandan ya gama cin abincinsa, ya dubi hannunsa, ya dubi famfo, ya leƙa shago ya ce ko za a taimaka masa da ɗan ruwa a bokiti. Mai Sabulu ya kawo masa, har da gutsuren sabulu.

Mai Faci ya ce min an ce zaɓe mai zuwa a tsakiyar damina zai faɗo. To ina ba masu girma shawara kyauta, su fara neman kwaɗon da zai rufe hadari tun yanzu, kada hannun ƙetare ya sake zubo mana daga sama. In kuma tawada suke nema wadda ba ta tsoron ruwa, ba sai an kafa kwamiti ba. Har yanzu tana nan a yatsana na hagu, kuma na san inda ake samunta: ofishinsu, ƙofa ta farko hannun dama.